Kafin Ka Sayi Injin Sassaƙa Na Hannu

Wannan shi ne jawabin da ma'aikacinmu na sashen koyar da sana'o'i ya yi wa matasa da iyaye a Kongolam. Mun buga shi domin amfanin ikilisiyoyin da ba su sami turo wakilai ba.

 

An ce in yi magana a kan injin sassaƙa. Ina nufin injin nan da yake juya guntun itace da sauri, mai aiki yana tsaye riƙe da ƙarfe mai kaifi yana fere shi, har ya fito sumul a mulmule. Shi ne yake fitar da ƙafafun tebur da na gado masu ado, da sandar labule, da ƙotar kayan aiki. Matasanmu da suka je ci-rani Kano da Kaduna sun gan shi, kuma da yawa sun dawo da sha'awarsa. Sabo ya fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka maganar da ake yi ita ce ta na hannu.

Dalilin da ya sa muka gayyaci iyaye shi ne, kuɗin da za a sayi injin nan ba na yaro kaɗai ba ne. Ragon gida ne za a kai kasuwa, ko kwasar adashen uwa, ko buhunan waken da aka ajiye domin bazara. In injin ya zauna a zaure yana tsatsa, gidan duka ne ya yi asara. Saboda haka abin da nake so ku tafi da shi yau guda ɗaya ne: inji shi ne abu na ƙarshe da za a saya. Akwai tambayoyi uku da za a amsa tukuna, sa'an nan a koyi aikin, sa'an nan a je ciniki.

Tambaya ta farko: wa zai sayi kayanka?

Kada kowa ya sayi injin nan da nufin yin turmi da taɓarya. Wannan aikin masassaƙanmu ne tun kaka da kakanni, da gatari da gizago, kuma ƙaramin inji ba zai iya juya gungumen turmi ba. Taɓarya ma ta fi yawancin injunan tsawo. Akushi kuwa roba da silba sun cinye kasuwarsa, sai ɗan abin da masu son kayan gargajiya suke nema.

Babban mai sayen kayanka shi ne kafinta. Shi yake bukatar ƙafafu huɗu masu kama ɗaya domin tebur, ko takwas domin kujeru biyu. Amma ku lura, kafintoci da yawa yanzu sun koma yin gado da durowa da fallen katakon kamfani, wanda ba ya bukatar ƙafa mai ado. To kafin ka kashe ko kwabo, ka zaga shagunan kafintoci na Kongolam da Mai'adua da Daura, ka tambaye su: kuna sa mulmulallun ƙafafu? Daga ina kuke kawo su? Nawa kuke saye? Guda nawa a wata? Ka rubuta amsar kowa a littafi. In shago goma ka shiga, babu ko uku da suka ce za su saya, ka riga ka sami amsarka tun kuɗinka yana aljihu.

Bayan kafintoci akwai ƙananan kaya: muciya, abin murza fulawa na masu cincin, ɗan turmin dakan yaji, sandar dogarawa, ƙotar cizal da ta magagari, faifan karɓar baiko, da ƙafafun benci. Cinikin kayan ɗaki yakan tashi bayan kaka, lokacin aure, da gab da Kirsimeti da Sallah. Da damina yakan kwanta. Duk wanda zai shiga sana'ar nan ya san cewa ba kowane wata take ciyarwa ba.

Mu nan muna bakin iyaka, ga Ɗan Barto a tsallake, ga hanya ta miƙe zuwa Matamai da Damagaram. Wannan dama ce, domin 'yan'uwanmu na Nijar suna shigowa sayayya. Amma mu tuna an rufe iyakar nan a Agustan 2019 har fiye da shekara guda, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Wanda ya dogara ga masu saye na tsallake kaɗai, a waɗannan watanni ya zauna hannu rabbana. Ka kafa cinikinka a gida tukuna, na tsallake ya zama ƙari.

Tambaya ta biyu: me zai juya injin?

Yawancin injunan nan da moto mai aiki da lantarki suke zuwa. A jikin kowane moto akwai ɗan allon ƙarfe da aka rubuta ƙarfinsa da irin wutar da yake sha. Ka karanta shi, ko ka tafi da wanda zai karanta maka. In ka ga 220 ko 230, irin wutar gidajenmu ce. In ka ga 380 ko 415, wannan mai layi uku ne, irin na masana'antu da makarantun koyon sana'a, ba zai tashi da wutar gida ko da ƙaramin janareta ba. In ka ga 110, na Amurka ne, kana sa shi a wutarmu zai ƙone. Tsofaffin injuna masu ƙwari da ake sayarwa da araha, sau da yawa masu layi uku ne, shi ya sa suka yi arahar. Ana iya sauya moton, amma sai a sa kuɗin sauyawar cikin lissafi tun kafin a yi tayi.

Moto mai ƙarfin rabin doki zuwa doki ɗaya ya isa aikin ƙafafun tebur. Doki ɗaya wajen wat 750 ke nan. Sai dai lokacin tashi moto yakan ja wuta ninki uku ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Shi ya sa ɗan janaretan cajin waya da kallon ƙwallo ba ya iya tayar da shi. Kana bukatar mai ƙarfin wat 2,500 ko sama. Haka ma sola, fanel biyu da batir ɗaya ba za su ɗauka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau uku, don haka kowace ƙafar tebur da ka fere da janareta, akwai kuɗin mai a cikinta.

Akwai wata hanya da ta fi dacewa da ƙauye. Injin markaɗe ko na ban ruwa da yake gidan wani, ana iya ɗaura masa bel ya juya injin sassaƙa. Amma gudunsa ya yi yawa, dole a rage shi da fuli. Lissafin ba wuya: in fulin da ke jikin moto inci 2 ne, na jikin injin sassaƙa kuma inci 4, gudun ya ragu da rabi. In inci 6 ne, ya koma kashi ɗaya cikin uku.

Kuma kada mu raina wanda ba ya shan wuta ko mai. A Ingila, a dazuzzukan kusa da garin High Wycombe, har zuwa shekarun 1950 akwai masu fere ƙafafun kujeru da injin da ƙafa take tuƙawa. Igiya ake naɗewa a jikin itacen, a ɗaure samanta a doguwar sanda mai lanƙwasa, ƙasanta kuma a wani katako da ake takawa. Ka taka, itace ya juyo ka yanka. Ka ɗaga ƙafa, sanda ta mayar da shi. A kasuwar Marrakesh ta Maroko kuma akwai masu juya itace da baka, suna riƙe ƙarfen da yatsun ƙafa. Kafinta da maƙeri na garinku za su iya haɗa irin na farkon. Ba ya sauri, amma yaro zai koyi riƙon ƙarfe a kansa ba tare da an sayar da rago ba.

Tambaya ta uku: ina itacen zai fito?

Wannan ita ce ta fi damuna, domin ƙasarmu ba ta da itacen ɓarna. Dattawan da ke nan sun san yadda ƙirya da marke da maɗaci suka yi ƙaranci. Layukan darbejiya da turare da aka dasa a arewacin jihar Katsina tun ƙarshen shekarun 1980, da taimakon ƙasashen Turai, an dasa su ne domin su tare iska da yashi. Ba na sara ba ne. Gawo kuma ya fi amfani a tsaye: yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi da rani. Katakonsa ma ba shi da ƙwari, ƙwari suna cinsa da wuri. In sana'ar da muka kawo za ta sa yaranmu su riƙa sare itatuwa da dare, gara ba mu kawo ta ba.

Ga inda za a samu ta hanyar da ta dace. Na ɗaya, guntayen katako da kafintoci suke zubarwa, da waɗanda ake sayarwa da araha a kasuwannin 'yan katako na Kano, kamar na Rijiyar Lemo da Na'ibawa. Malaina da ake kawowa daga kudu tana da laushi, ta yi daidai da mai koyo. Na biyu, rassan darbejiya da ake datsewa a gida da bakin hanya, da izinin mai ita. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928, 'yar'uwar maɗaci ce, katakonta yana da kyau a inji, gara kuma ba ta cika damunsa ba, tana kuma sake tohowa in an datse ta. Na uku, itacen da iska ta kayar, kamar mangwaro ko aduwa, bayan an sanar da mai gari da malaman daji. Turare kuwa yana tsagewa yana murɗewa in ya bushe, kada a yi wa kafinta ƙafar tebur da shi.

Na huɗu shi ne na dogon zango. A Maraɗi, daga 1983, wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da yake aiki da mishan ta SIM, tare da manoman wurin suka yaɗa abin da ake kira sassabin zamani. In an zo sharar gona, ba a ƙone kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi guda biyu ko uku a bar su, a datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya, kuma ƙasar Matamai da Magarya da ke maƙwabtaka da mu tana cikin inda abin ya fi bayyana. Duk saurayin da zai sayi injin sassaƙa, ya fara wannan a gonar gidansu bana.

Ɗanyen itace yana da daɗin ferewa, amma yana tsagewa in ya bushe da sauri, balle da hunturu. Ka raba gungume biyu ta tsakiya, ka shafe bakinsa biyu da fenti ko gam, ka jera shi a inuwa, sama da ƙasa saboda gara. Ƙafar tebur sai da busasshe, in ba haka ba kafinta zai dawo maka da ita.

Koyo kafin saye

Kallon bidiyo a waya yana taimakawa, amma ba ya gyara maka riƙo. Ka nemi shagon da ke da injin a Kano ko Katsina, ka zauna ko wata uku ne. Abu biyu za ka koyo. Na farko wasa ƙarfe, domin dakusasshen ƙarfe yana yagar itace ne, kuma shi ya fi kawo haɗari. Na biyu fitar da ƙafafu huɗu da ba a bambanta su. Kowa yana iya yin ɗaya mai kyau. Kuɗin yana wurin wanda ya iya maimaitawa. Ranar da ka jera huɗu maigidanka ya duba ya gyaɗa kai, ranar ce ka isa zuwa ciniki. Kuma shi maigidan naka ne ya fi dacewa ya raka ka.

Ranar ciniki

Ana samun irin waɗannan injuna wurin kafintocin da suka sauya sabo, da wurin masu kayan kwance kamar a Ƙofar Ruwa a Kano. A Fanteka ta Kaduna kuma akwai masu ƙera injuna da hannu. Ko ina ne, kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto a waya bai isa a tura kuɗi ba. Ga abin da za ka duba:

1. A kunna shi a gabanka, ya yi minti goma yana gudu. Ka saurara. Sa'an nan a kashe, ka taɓa wurin boris da jikin moto. Ɗumi ba laifi, amma zafin da hannu ba ya jurewa, ko warin ƙuna, alamar matsala ne.

2. Yana kashe, ka kama bakin ƙarfen da yake juyawa ka girgiza shi sama da ƙasa. In yana motsi, boris ya ci. Boris ana samunsa. Amma in ƙarfen kansa ya lanƙwashe, yana rawa in yana juyawa, ka bar injin.

3. Ka turo matokarin baya har tsininsa ya haɗu da tsinin gaba. Dole su haɗu baki da baki. In sun saɓa sosai, aikinka ba zai taɓa fita daidai ba.

4. Ka goge gadon injin da tsumma ka nemi tsaga ko tabon walda. Tsatsar sama samfefa da mai suna fitar da ita. Tsaga a ƙarfen zubi ba ta cika gyaruwa ba. Sabon fenti a tsohon inji kuma ya sa ka ƙara buɗe ido.

5. Ka auna tsawon itacen da zai shiga. Ƙafar tebur wajen inci 30 take, don haka ka nemi mai ɗaukar inci 36.

6. Ka ƙirga kayan da ke tare da shi: ƙarfe mai haƙora da yake riƙe itace, majinginar da ake ɗora cizal, faifan ƙarfe na ɗaure akushi, da makullansu. Zaren noti na tsofaffin injuna ya sha bamban, in wani abu ya ɓata sai an ƙera maka.

7. Ka karɓi rasit mai sunan mai sayarwa da lambar injin, a gaban shaida. Kun san yawan shingayen da ke hanyar Kano zuwa Daura zuwa nan. In kuma ka ga tambarin makaranta ko na gwamnati a jiki, babu takardar gwanjo, ka juya ka tafi komai arahar.

Rabon kuɗi

Shawarata ita ce, a cikin kowace naira 100 da ka tara, inji da kuɗin motar kawo shi kada su wuce 45. Ka ware 20 domin ƙarafan yanka da dutsen wasawa da kayan kariya, 10 domin kafa shi da ƙananan gyare-gyare kamar bel da boris da waya, sauran 25 kuma na itace da mai da abincinka na wata uku na farko, kafin ciniki ya kankama. In injin da kake so zai cinye 100 ɗin duka, lokacin saye bai yi ba.

Ƙarafa huɗu sun isa farawa: babba mai kwarmi na mulmule itace, ƙarami mai kwarmi na fitar da ado, siriri na rabawa, da mai karkataccen baki na gogewa. Maƙeri yana iya ƙera su da sifirin na mota. Kada a yi su da tsohon magagari, domin ƙarfensa yana da gautsi, yana iya karyewa ya tashi.

Iyaye, ina roƙonku kada a sayar da shanun huɗa ko iri saboda inji, kada kuma a ci rance mai ruwa. In kuɗin mutum ɗaya bai kai ba, matasa uku su haɗa su sayi ɗaya, a rubuta yarjejeniya a gaban dattawa: ranar aikin kowa, wa zai sayi mai, wa zai biya gyara, da yadda za a yi in ɗaya zai fita. Zumunci ya fi daɗewa in an rubuta.

Kiyaye lafiya

Injin nan ba ya jin ihu. Babbar riga, dogon hannun riga, gyale, rawani, safar hannu, duk abin da yake lilo yana iya naɗewa ya ja mutum. 'Yan'uwa mata da suke son koyo, ƙofa a buɗe take, amma a ɗaure kai tamau, a ajiye gyale. A sa gilashin kare fuska kullum, a sa takunkumi lokacin goga samfefa, yara kuma su yi nisa.

Kafin ka kunna, ka juya itacen da hannu ka ga bai bugi komai ba, ka tsaya gefe, ka fara da ƙaramin gudu. Itace mai kauri, gudu kaɗan. Masu sana'ar suna da ƙa'ida: ka ninka kaurin itacen a inci da yawan juyi a minti ɗaya, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Wato itace mai inci 3 yana iya yin juyi 2,000 zuwa 3,000, mai inci 10 kuwa kada ya wuce 900. Itace mai tsaga ko mai ƙusa kada ya hau inji. Babban ƙarfen nan na mulmulewa kuma na dogon itace ne kawai, kada a sa shi a akushi. Kayan abinci a shafa musu man kaɗe ko kakin zuma, ban da banish da baƙin mai.

A ƙarshe, ga aikin da nake ba duk saurayi ko budurwar da ke da wannan niyya kafin taronmu na gaba. Ka zo da littafinka mai amsoshin kafintoci goma. Ka zo da sunan abin da zai juya maka injin da kuɗin da zai ci a yini. Ka gaya mana inda itacen wata shida zai fito, da shagon da za ka koya. Wanda ya kawo waɗannan, za mu zauna da shi da iyayensa mu duba lissafin tare. Wanda lissafinsa ya nuna cewa abin ba zai ɓulle ba, shi ma ya ci riba, domin ragonsa yana nan a turke.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya kai kowa gida lafiya.